Kafin ka tura wa na waje labarin gari: abin da dokar intanet ta tanada

Ƙanena shekararsa shida a Kwatano, amma in ka ji yana ba da labarin Damagaram sai ka rantse jiya ya bar Birni. Ya san nawa tiyar hatsi take a kasuwar Dole, ya san unguwar da famfo ya yi sati bai kawo ruwa ba, ya san wadda aka ɗaura wa aure da wanda aka kai makwanci. Bayan isha'i in ya rufe shago sai saƙon murya ya shigo: "Yaya, me ake ciki a gari?" Ni kuma in danna in yi ta zuba, da ƙarar kabu-kabu a bayana. Ranar da tsohon masallacin ƙasa na Birni ya rushe cikin ruwan farkon Satumbar 2024, shi ya riga ni ganin hoton, ni da nake cikin garin.

Kusan kowane gida yana da irinsa, wani a Libiya, wani a Aljeriya, wani a Abijan ko Makka, kuma duk WhatsApp ne zaurensu. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, wannan hirar akwai dokar da ta hau kanta. Kuma in magana ta ɓaci, wanda yake gida ne hannu ya fi saurin kai wa, ba mai tambaya daga nesa ba.

Dokar ita ce ta Nijar mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda aka yi don hukunta laifukan da ake aikatawa ta intanet. Mafi yawanta a kan masu kutse cikin kwamfutar mutane ne da 'yan damfara, wannan bai dami mai hirar gida ba. Ayoyi uku ne suka shafe mu: ta 29, ta 30 da ta 31. Sau biyu ana taɓa su. A 2022, zamanin Bazoum, aka cire ɗauri daga laifin ɓata suna da na zagi, aka bar tara. A ranar 7 ga Yuni 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan wata doka da ta maido da ɗaurin, har ta ƙara masa nauyi. Saboda haka wanda ya bar ƙasa a 2022 ko 2023 da sanin cewa zagi a Facebook ba ya kai mutum kaso, saninsa ya tsufa.

Aya ta 29 ta ɓata suna ce, ta 30 ta zagi. A bakinmu duk cin mutunci ne, amma a gaban alƙali abu biyu ne. Ɓata suna shi ne ka jingina wa mutum wani aiki takamaimai da zai zubar masa da daraja, kamar ka ce wane ya cinye kuɗin da aka tara na gyaran rijiyar unguwa. Zagi kuwa baƙar magana ce wadda ba ta ɗauke da wani zargi da za a iya bincikawa: wane jaki ne, wane ba shi da asali. Hukuncinsu yanzu ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ne, da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. Miliyan ɗaya jika dubu ke nan. Mai tura kurar ruwa ya lissafa jarka nawa zai sayar kafin ya haɗa.

Aya ta 31 ce ta fi faɗi, kuma ita ce ta fi kusa da abin da muke yi kullum. Ta hana bayanan da za su iya tada hankalin jama'a ko su taɓa mutuncin ɗan Adam. "Bayanai" a nan ya haɗa komai: rubutu, hoto, bidiyo, saƙon murya. Hukuncin da, wata 6 ne zuwa shekara 3. Tun 2024 ya koma shekara 2 zuwa 5, da tarar miliyan 2 zuwa 5.

Abu biyu ya kamata a tsaya a kansu. Na farko, ayar ba wanda ya ƙirƙiri abin kaɗai ta kama ba. Ta ambaci wanda ya haɗa shi, da wanda ya miƙa wa wani, da wanda ya yaɗa. Wato "ai ba ni na yi ba, turo mini aka yi na tura" ba mafita ba ce, domin turawar ita kanta tana cikin abin da aka lissafa. Mu kuwa mun saba, abu na shigowa, ko gama saurare ba mu yi ba, mun cilla shi gurup uku: na dangi, na 'yan fada, na 'yan unguwa mazauna waje.

Na biyu ya fi ɗaure kai. Gyaran 2024 ya ce hukuncin yana nan ko da bayanin gaskiya ne. Mun taso a kan cewa mai gaskiya ba ya tsoro, to a wannan ayar ba a tambayar ko abin ya faru, ana tambayar ko yaɗa shi zai iya tada hankali. Kuma dokar ba ta jera abubuwan da ke tada hankalin ba. Mai gabatar da ƙara ne zai fara aunawa, alƙali ya yanke. A nan ne ƙungiyoyin kare 'yan jarida irin su RSF suka yi ta kuka, suna cewa ƙofar ta yi faɗin da kowa zai iya faɗawa. Ma'aikatar shari'a kuma ta ce an yi gyaran ne don a daidaita 'yancin magana da haƙƙin mutanen da ake ci wa mutunci, a kuma kare zaman lafiya. A ganina kowanne da abin da ya hango. Na ga yarinyar da aka fasa aurenta saboda hoto ɗaya da ya zagaya gari, ba wanda zai ce mini bai kamata a hukunta wanda ya sake shi ba. Amma dokar da talaka ba zai iya sanin iyakarta ba sai ya taka, ita ma abin tsoro ce.

Ba sabon abu ba ne a yi aiki da ita. Tun a Maris 2020 aka kama ɗan jarida Kaka Touda a Yamai saboda ya wallafa cewa ana zargin an samu mai korona a asibiti, ya yi makonni a tsare kafin a sake shi da hukuncin jeka-ka-gyara-halinka. A Yunin shekarar aka tsare 'yar jarida Samira Sabou kan ƙarar ɓata suna da ta taso daga shafinta na Facebook, sai ƙarshen Yuli kotu ta sallame ta. Waɗannan sanannu ne, suna da masu yi musu magana.

Ɓangaren mutuncin ɗan Adam shi ne wanda muka fi takawa ba tare da mun ji komai ba. Mota ta kife a hanyar Tanut ko ta Magariya, kafin a rufe gawa an ɗauki hotonta. An kama ɓarawo a kasuwa, an tuɓe shi, goma na duka ashirin na ɗaukar bidiyo. Sai na waje ya ce "don Allah a turo mu gani," kai kuma ka tura don kada ya ce ka ɓoye masa. Irin wannan na iya shiga ayar kai tsaye, ban da cewa wata uwar a waya take fara ganin gawar ɗanta.

Wasu na cewa ai WhatsApp a rufe yake, ba mai karanta saƙon wani. Sau da yawa ba ta nan ake kamuwa ba. Gurup mai mutum ɗari biyu ba ɗaki ba ne, kasuwa ce. Mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton allon wayarsa ko ya tura muryarka gaba, ga lambarka a jiki, ga muryar da duk unguwa ta sani.

Na waje fa? Nisa kariya ce, amma ba ta har abada ba. Zai dawo salla, zai dawo biki ko ta'aziyya, zai nemi sabunta fasfo. Akwai kuma wata doka ta ranar 27 ga Agusta 2024 da ta kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muhimman muradun ƙasa, kuma yaɗa bayanan da ke tada hankalin jama'a na cikin abin da ke iya sa a rubuta mutum. Wanda ya shiga ana iya riƙe dukiyarsa, a taƙaita tafiyarsa, har a janye masa zama ɗan ƙasa na wucin gadi. A Oktoban 2024 an janye wa mutum tara zama 'yan ƙasa, cikinsu har da Rhissa Ag Boula. Manyan tsohuwar gwamnati ne, ba masu shago a Kwatano ba, amma dokar ba ta ce ta manya ce kaɗai ba.

Kuma labarin ba daga gida kaɗai yake fita ba, yana shigowa. Tun da aka dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, aka kuma rufe BBC na wata uku a Disambar 2024, na waje kan ji abin da na gida bai ji ba, musamman a kan tsaro. Sai ya jefo shi gurup ɗin dangi, ya kashe waya ya kwanta. Da safe wata gwaggo a Garin Malam, wadda ko karanta abin da ke jikin bidiyon ba ta iyawa, ta tura wa ƙawayenta na adashi. Lambarta ce a kai, ba tasa ba.

Farashin hatsi, ruwan da aka yi jiya, wanda ya haihu, wasan kokawa, hawan salla a ƙofar fada, duk wannan ba ruwan doka da shi, kuma shi ne kashi mafi yawa na abin da mai kewar gida yake nema. Shekaranjiya ƙanen nawa ya turo wani bidiyo yana tambaya, "Yaya, da gaske ne wannan a wajenmu aka yi?" Na ce masa in ya zo layya ma yi maganar a zaure. Ya yi dariya, ya ce to nawa rago yake bana.