Ba da kwamfuta ake fara fim ɗin katun ba

Matasa da yawa a Sakkwato sun ɗauka sai an mallaki babbar kwamfuta kafin a fara fim ɗin katun. Ba haka ba ne. Ko Toy Story na 1995, dogon fim na farko da aka yi kacokan da kwamfuta, da alli mai launi daraktan zanensa, Ralph Eggleston, ya fara tsara launukansa.

Fensir ne farkon aiki. Ana zana jarumin ƙanana-ƙanana, kamar girman kwalin ashana, ashirin ko talatin, ba a tsayawa goge ko ɗaya. Wanda aka zaɓa sai a cike shi da baƙi ƙirin, ya koma inuwa. In dattijo ne mai rawani da babbar riga, dole a gane shi daga inuwar kaɗai. In ya fito dunƙule, a ware hannunsa daga jiki, a riƙa masa sanda.

Daga nan a zana shi ta gaba, ta gefe da ta baya, a auna tsayin jikinsa da tsawon kansa, misali tsawon kai shida. Duk wanda ya tsallake wannan zai ga rawanin nan yana girma yana ƙanƙancewa daga fage zuwa fage, gyaransa kuwa a kwamfuta ya fi cin lokaci.