Samun biza da izinin aiki ba abu ɗaya ba ne

An daɗe ana faɗa a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru cewa duk matashin da aka buga wa biza a fasfo ya gama wahala, yana sauka Turai sai zama da neman aiki. Ba abin mamaki ba ne mutane su ɗauka haka, domin samun bizar kanta sai an sha fama.

Amma biza iri-iri ce. Ta gajeriyar ziyara zuwa ƙasashen Shengen (wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, har da Faransa), wadda ke ɗauke da harafin C, ba ta ba mutum damar wuce kwana 90 a cikin kwana 180, kuma ita kaɗai ba izinin aiki ba ce. Mai niyyar daɗewa a Faransa sai ya nemi mai harafin D tun daga gida, kuma ko ɗalibin da ya same ta awa 964 kawai doka ta yarje masa ya yi aiki a shekara. Wanda kwanakinsa suka ƙare bai fita ba, ya zama marar takardu: hayar ɗaki da sunansa ta yi wuya, mai ba shi aiki a ɓoye kuwa yana iya danne masa haƙƙi. Wannan ne ya fi damuna, ganin wasu iyaye har shanu suke sayarwa don kuɗin tafiyar.

Tantancewa ba ta da wahala. A buɗe fasfo a dubi takardar da aka manna: harafin, ranar farawa da ƙarewa, da yawan kwanakin duk suna rubuce. Abin da ya shige duhu a tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za a je, kada a tsaya ga maganar dillali.

Don Allah a tura wannan bayani ga 'yan'uwa masu shirin tafiya da iyayensu.