Dorina da ayu: abin da doka ta hana, da wanda ake laƙaba mata

Maganganu biyu ke yawo a bakin kogi nan Yamai, kuma dukansu ba haka ba ne. Wasu na cewa ko dorina ta kife maka jirgi tana neman ranka, ka taɓa ta sai kaso. Wasu kuma na cewa da ta taka gonarka, namanta ya halatta.

Dokar farauta da kare namun daji, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta sa dorina da ayu cikin dabbobin da ba a farautarsu sam, tare da raƙumin dawa da giwa. Ta hau kan kowa: masunci, maharbi, manomi, ɗan kasuwa.

Kare rai daban ne. Wanda dorina ta taso wa, babu hanyar tsira, ba mafarauci ba ne a idon doka. Amma sai haɗarin ya kasance a take. Dorinar da ta cinye maka shinkafa daren jiya, yau ka tara samari da mashi kuka bi ta har cikin ruwa, wannan farauta ce, ko da rabin gonar ta tafi. In ta addabi gari, a kai kuka wurin jami'an gandun daji. Hukuma ce ke ba da izinin harbe ta. In kuwa ta mutu a hannunka wajen kare kai, ka sanar nan take, kada ka fara rabon nama, don daga nan zancen ke sauyawa: tara, ƙwace makami, har ɗauri.

Ayu ya fi ban tausayi. Ciyawa yake ci, ba ya faɗa, ana samunsa tun daga inda koguna ke haɗuwa da teku har cikin kogin Isa. Kitsensa ne ya ja masa. Mai tallar man ayu a kwalba ya sani haramcin bai tsaya kan wanda ya soke shi ba.

A 2017 mutanen yankin Ayoru sun kashe dorina da dama bayan ɓarnar gonaki da dabbobi, a shekarar ce kuma aka keɓe mata wurin zama a kogin. Ban ga laifin kare ta ba. Sai dai manomin da ya kai kuka ya kwana yana buga gwangwani a bakin gona, shi ma yana jiran a ce ga wanda zai biya shi.