Fim ɗin 'yan fashi a Yamai: tambayoyin ɗalibai kafin a kunna kamara

Wasu ɗalibai biyar sun same ni a fadarmu ta hira a unguwar Yantala da dare, ana shayi na biyu. Suna son yin gajeren fim na laifi da bin sawu a cikin Yamai, irin wanda mai kallo ba ya iya tashi shan ruwa. Ga abin da suka tambaya, ga kuma abin da na gaya musu.

Yaya, kamara za mu fara nema ko labari?

Labari. Kuma ku rage shi. Shafi ɗaya na rubutun fim yakan ba da kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi 12 zuwa 15 sun ishe ku. Mutum uku ko huɗu, wuri uku. A ce direban taksi ya ɗauki fasinja a tashar Wadata, fasinjan ya sauka ya bar jaka a baya, sai waya ta fara ƙara a cikin jakar. Ya ɗauka ko kar ya ɗauka? Nan fim ya fara, ba a kashe kowa ba, ba a fasa mota ba. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne ya san wani abu da jarumin bai sani ba tukuna.

Ba za a ce mun kwaikwayi finafinan waje ba?

Aro ba laifi ba ne, kuma an riga ku. A 1966 Mustafa Alasan, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, ya yi fim ɗin kaboyi da samarin ƙauye bisa dawaki, amma duk wanda ya gani ya san a ƙasarmu aka yi shi. Umaru Ganda kuma shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, da labarin gida. Abin da zai tona ku shi ne baki. Idan ɓarawonku yana magana kamar wanda ya haddace fim ɗin Amurka, an gama. Ku bar shi ya yi magana yadda ake yi a unguwar Bukoki: Hausa, Zabarmanci ya shigo, kalmar Faransanci ta faɗo inda take faɗowa.

Bindiga fa, da kakin 'yan sanda?

Nan ne zuciyata take, don haka ku saurara da kyau. Bindigar roba daga nesa bindiga ce. Jami'in da ya hango saurayi riƙe da ita a bakin titi da dare ba zai tsaya tambayar ko wasa ake ba, balle yadda aka ƙara tsananta tsaro a gari tun juyin mulkin watan Yulin 2023. Sa kakin ɗan sanda ko na jandarma ba da izini ba laifi ne, ko da minti biyar za a yi.

Ku fara da takardar makarantarku, ku kai ta Cibiyar Finafinai ta Ƙasa, CNCN, ku nemi izinin ɗauka. Sannan ku je komisariyar 'yan sandan unguwar da ƙafarku, ku faɗi rana da lokaci da wuri. Ku gaida mai unguwa, ku gaya wa masu shagunan layin. Bariki, filin jirgin sama, ma'aikatun gwamnati, kar kamara ta kalle su. Gadar Kenedi tana da kyau da magariba, na sani, amma sai an rubuta ta a cikin takardarku.

Akwai kuma haɗarin da ɗalibai ba su cika tunawa da shi ba. Idan ɗan wasanku ya ruga a guje cikin kasuwar Katako, wani na bayansa yana ihun "ɓarawo!", jama'a ba su karanta labarinku ba. Kafin ku ce a tsaya, an riga an tare shi da itace. Irin wannan fitowa a yi ta a layin da kowa ya san ku, a ɗauki gudun shiru, a ɗora ihun daga baya wajen haɗa fim.

Ni da za ku ji tawa, ku cire bindigar gaba ɗaya. Ɗan sandanku ya zama na farin kaya. Harbi kuma a ji shi bayan katanga, kamara tana kan fuskar matar da ke tuƙa tuwo. Ya fi tsoratarwa, ya fi arha.

Da waya za mu ɗauka. Dare zai fito?

Zai fito idan kun kai 'yan wasa inda haske yake. Waya a duhu hoto mai ƙuraje take bayarwa. Fitilar mai shayi, kwan ƙofar shago, fitilar mota, ko 'yar fitila mai caji da aka rufe da farin ƙyalle, duk sun isa. Ku haska gefe ɗaya na fuska, ku bar ɗayan cikin duhu. Kuma ku cika batura tun da rana, kar ku dogara da wutar gari.

Me ya fi lalata fim ɗin ɗalibai?

Sauti. Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Ku sa waya ta biyu a aljihun gaban ɗan wasa, ko ƙaramin makirfo a wuyan riga. A tafa hannu sau ɗaya gaban kamara kafin kowace ɗauka, don a daidaita murya da hoto daga baya. Ku san lokutan kiran salla, ku tsaya, ku yi sallarku, sannan a ci gaba. Injin wutar maƙwabci kuwa, sai dai ku roƙe shi da ladabi.

Wane lokaci ya fi, kuma ina kuɗin ke tafiya?

Disamba zuwa Fabrairu. Hazon hunturu yana ba gari kamar da fim ɗin laifi ke so, ga sanyi. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, waya tana ɗaukar zafi ta mutu a hannunku. Kuɗi kuma a ciki da ƙafa yake tafiya: abincin mutum goma, ruwan sanyi, man babur. Rigar da jarumi ya sa a ranar farko ku karɓe ta ku ajiye, kar ya tafi da ita gida a wanke ko ƙaninsa ya sa.

Waƙar da muke so, za mu iya sa ta?

Sai da yardar mai ita a rubuce. Hakkin mawaƙa yana hannun BNDA, ofishin kare hakkin mallakar fasaha na Nijar, kuma YouTube yakan toshe fim saboda waƙa ɗaya. Ku nemi abokinku mai gurmi ko kalangu ya buga muku sabon kiɗa. Haɗa fim kuma, manhajar DaVinci Resolve tana da ta kyauta. Kowane dare, kafin kowa ya kwanta, a kwafe abin da aka ɗauka a wuri biyu, kuma kada kwafin biyu su kwana a gida ɗaya.