Nazarin tsirrai da muhallinsu: me ya sa binciken ke cin shekaru?

Wane irin aiki ne wannan?
Ya wuce haddace sunayen itatuwa. Mai wannan fanni so yake ya gano dalilin da wata ciyawa ke danne wata, da yadda ruwa, ƙasa, gobara da kiwo ke sauya daji. Yau yana aji, gobe yana cikin ƙaya riƙe da tef ɗin awo.

Ta ina ake shiga?
Digirin farko a ilimin tsirrai ko gandun daji, sai na biyu, sai digirin digirgir. Daga nan koyarwa, wallafa sakamako, da neman tallafi, wanda shi ya fi cin rai.

Dole ne sai an daɗe?
Daji ba ya gaggawa. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, masana John Lawes da Joseph Gilbert sun yanka wani filin ciyawa kashi-kashi a 1856, don su ga takin da ya fi ba da harawa. Har yau ana yanka ana aunawa. Sai ga abin da ba shi suka fita nema ba: inda ba a zuba taki ba, akwai tsiro iri kusan 40; inda aka yi ta zuba takin amoniyam salfet har ƙasa ta yi tsami, biyu ko uku suka rage.

A tsibirin Barro Colorado na Panama kuwa, Stephen Hubbell da Robin Foster sun ware hekta 50 a 1980. Duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1, an ɗaura masa lambar ƙarfe, an auna shi daidai ƙirji, ana komawa kansa duk shekara biyar.

Ina wahalar take?
Tallafi yakan ƙare cikin shekara uku zuwa biyar, bishiya ko ba ta ma fara 'ya'ya ba. Shi ya sa a ganina gwanin wannan fanni shi ne mai tsaftace bayanansa yadda wani ɗalibi zai iya ɗorawa a kai ko da ba su taɓa haɗuwa ba.

Ana yi a Najeriya?
Ana yi. A dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila, jihar Taraba, Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta kafa tashar bincike. Akwai fili na kusan hekta 20 da ake aunawa irin na Panama, kuma mutanen ƙauyukan yankin ne ke yawancin aikin awon.