Ruwa in ya sha matsi da zafi: tambayoyin da ƙanina ya tsare ni da su

Jiya a gida Tudun Wada Inna ta ɗora wake a tukunyar furesha, ƙanina ɗan SS2 ya zauna yana kallon tururin sai tambaya ta fara, ni kuma dama abin da nake so kenan.

Yaya, ba a digiri 100 ruwa ke tafasa ba?

A bakin teku ne haka. Mu nan Zariya kan tudu muke, sama da mita 600, iskar da ke danne ruwan ba ta kai ta can ƙarfi ba, shi ya sa namu wajen 98 yake tafasa. Ita furesha tana tsare tururi ne, matsi ya ƙaru, ruwan ya kai kusan 120 bai gudu ba, wake ya nuna da wuri. Haka injin da asibiti ke dafa kayan tiyata yake aiki, digiri 121.

To in aka ci gaba da matsa shi ana ƙara wuta fa?

Nan ne wallahi abin ya fi burge ni. A digiri 374, da matsi kamar ninki 218 na iskar da muke shaƙa, iyakar da ke tsakanin ruwa da tururi sai ta ɓace kwata-kwata, ba za ka ce ruwa ne ba kuma ba tururi ba. Halinsa ma juyewa yake, mai da ba ya haɗuwa da ruwa sai ya narke a ciki, gishiri kuma ya ƙi narkewa ya ware gefe. Da irin wannan ruwan ake lalata dattin masana'antu mai guba, wasu tashoshin lantarki ma da shi suke juya injinansu.

Ruwa mai tsananin zafi haka sai a injin ɗan adam kawai ake samu?

A'a. A 1979 masu bincike sun nutsa ƙasan tekun Fasifik, zurfin wajen mita 2500, suka tarar da ruwa baƙi yana bulbulowa da zafin kusan digiri 350, bai tafasa ba don nauyin tekun da ke kansa, ga halittu kuma suna rayuwa a gefensa ba hasken rana.

Wai har ƙanƙara mai zafi akwai?

Akwai fa. Matsi in ya yi yawa yana daskarar da ruwa ko da zafi. Percy Bridgman, masanin kimiyya na jami'ar Harvard, wanda ya ci kyautar Nobel a 1946, ya gano nau'o'in ƙanƙara da dama ta hanyar matsi. A 2018 kuma masana a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka sun harbi ruwa da hasken lesa mai ƙarfi suka samu shaidar wata ƙanƙara mai zafin dubban digiri, cikin sinadarai biyun da suka haɗu suka zama ruwa, oksijin a tsaye cak, haidurojin na yawo a tsakani kamar ruwa. Ana ganin irinta ce a cikin duniyoyin Yuranus da Neftun.

Da ya miƙa hannu zai buɗe tukunyar na riƙe shi, don ruwan ciki ya wuce 100, ana ɗaga murfi zai fashe da tafasa lokaci guda. Sai da ta huce Inna ta sauke.