Ma'anar tantance matsalar saduwa ga mata masu larurar fitsari

A bakin likitoci, tantancewa tana nufin neman alamar wata matsala a jikin wanda bai zo da kukanta ba. Idan mace ta je asibiti saboda fitsari yana kufce mata lokacin tari ko atishawa, ko yana matsa mata dare da rana, ko tana jin zafi wajen yinsa, tantancewar da ake nufi ita ce likita ko ungozoma ta ƙara mata 'yan tambayoyi game da kwanciyar aure, ko da ba ita ce ta kawo ta ba.

Dalilin haɗa su shi ne mafitsara da hanyar fitsari da farji maƙwabtan juna ne, kuma tsokoki ɗaya ne na ƙasan mara suke tallafe da su. Haihuwa mai wahala takan sassauta waɗannan tsokoki, ɗaukewar al'ada kuma takan kawo bushewar gaba tare da yawan ciwon mafitsara. Akwai matan da fitsari yake zubo musu a tsakiyar saduwa, sai mace ta daina shan ruwa tun daga la'asar, ta riƙa ninka zani a kan shimfiɗa, daga baya ta koma kawo uzurin gajiya, maigida kuwa ya ɗauka ƙin sa take yi. Kunya ba za ta bar ta ta fara wannan zancen ba, don haka a ganina nauyin buɗe shi yana wuyan ma'aikacin lafiya, kuma a keɓe, ba a gaban uwar miji ko 'yar rakiya ba.

Fitacciyar takardar tambayoyin da ake amfani da ita ita ce FSFI, wadda aka fitar a Amurka a 2000. Tambayoyi 19 ne a kan makonni 4 da suka wuce, sun shafi sha'awa, motsuwar jiki, ni'ima, kaiwa ƙololuwar jin daɗi, gamsuwa da kuma zafi. Cikakken maki 36 ne, wadda ta samu 26.55 ko ƙasa da haka ana ƙara bincikarta. Akwai kuma PISQ-12, wadda aka tsara musamman don masu ɗigon fitsari da zazzagowar mahaifa. Makin ba hukunci ba ne, domin ba a kiran abu larura sai idan yana damun ita matar.

Masu yoyon fitsari sun fi kowa bukatar wannan tambaya. Macen da aka yi wa aiki a cibiya irin ta Babbar Ruga a Katsina tana iya warkewa daga yoyon sarai, amma tabon da ya rage ya ƙuntata farji har saduwa ta zame mata azaba, kuma idan ba a tambaye ta ranar da ta dawo ganin likita ba, da ciwonta za ta koma gida.